Guɗa ta Biyar

Shekara takwas muna zaune a gidan haya mai ɗaki biyu a Kasarani, ɗaki na biyun bai taɓa ganin abin da muka kama shi dominsa ba. Ya koma ma'ajiyar tarkace: tsohuwar katifa, keken motsa jiki da mijina Ndirangu ya hau sau biyu a rayuwarsa, da buhunan dankalin da ake aiko mana daga garinsu Nyeri su yi ta zama har su tsiro. Da Allah ya nufa na samu ciki ina da shekara talatin da tara, kafin ma in gaya wa mahaifiyata sai da na share ɗakin nan tas. Likita ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa in riƙe wannan da hannu biyu, don ba ta ga alamar za a samu na biyu ba.

Na sayo labule mai zanen zomaye. Na sayo gadon jariri fari mai shinge. Da cikin ya kai wata biyar aka ɗauki hotonsa aka ce mace ce, sai na ƙara da gwangwanin fenti ruwan hoda. Ndirangu ya yi hawaye a gaban likita, ƙaton mutum da gemu, don a wajenmu ba a zaman neman suna. 'Yar fari sunan kakarta ta wajen uba take ɗauka, ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, sai mace ta biyu ko namiji na biyu ne ke zuwa dangin uwa. Wato mahaifiyarsa Wangechi, da ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ita ce ke kwance a cikina tana shurina.

Muna fitowa daga asibitin wayarsa ta yi ƙara. Surukina ne, Mzee Gitahi, wato Dattijo Gitahi.

Tsohon nan yana da ƙorafi guda a duniya, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da shi a coci ko a makoki ya haddace shi. 'Ya'yansa mata uku, kowace ta haifi namiji aka sa wa sunan uban mijinta, da layi ya zo kansa sai ta ja birki wai rayuwa ta yi tsada. Ta tsakiyar ta yi ƙoƙari ta ƙara ɗaya, aka samu mace, ita ma ta tafi wa uwar miji. Shekararsa tamanin babu ɗaya, jikoki huɗu, ba wanda ake kira Gitahi ko da kuskure. Ndirangu ne kaɗai ɗansa namiji.

Ina tsaye ina jin muryarsa ta cikin wayar.

"Me na'urar ta gani?"

"Lafiya lau, Baba. Komai daidai."

"Ba lafiya na tambaye ka ba. Ni ne?"

Ndirangu ya dube ni, ya dubi wani mai gasa masara a bakin titi kamar shi zai cece shi, sannan ya ce, "Kai ne, Baba."

Da ya kashe wayar na tambaye shi ko aljani ne ya shafe shi.

"Njoki, hawan jini fa yake da shi. Zan gaya masa a hankali."

"Yaushe? Ranar aurenta?"

"Ki ba ni sati ɗaya."

Ran Asabar ɗin satin Mzee Gitahi ya sauka daga matatu, motar haya, da akwatin ƙarfe, da kujerarsa 'yar tsugunno mai ƙafa uku, da jakar kayan kafinta, da wasu katakai da kwandasta ya sauke yana zage-zage. Ya ce ya zo a auna jininsa ne, kwana uku zai yi. Ya yi wata huɗu.

A da, tsakanina da shi sai gaisuwa daga nesa. In zai ce a ƙara masa shayi, bango yake kallo ya faɗa, kamar yadda ya dace da suruki. Ranar nan kuwa yana shigowa ya cire malafa ya dubi tsakiyar idona.

"Uwata! Yaya nake?"

Ban gane ba sai da ya nuna cikina da leɓe. Tun daga ranar na zama uwarsa, tunda ni nake ɗauke da shi. Kuma da ya samu uwa a tsufansa, bai raga mata ba. Ya hana ni cin githeri, dafaffen masara da wake, wai wake na kumbura shi. Ya hana ni shan abu mai sanyi wai ƙirjinsa ba ya so. In na zauna kallon wasan kwaikwayo a talabijin, sai ya canza zuwa labarai ya ce shi tun yana yaro ba ya son shirme. Rannan na yi gyatsa a gabansa, don kunya na so ƙasa ta tsage, shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Haka nake yi."

Ɗakin kuwa ai nasa ne, tunda an ce na Gitahi ne. Ya shimfiɗa tsohuwar katifar a ƙasa ya fara gyara wa kansa wuri. Fentina ruwan hoda ya ɓace cikin dare ɗaya, daga baya na gano Ndirangu ne ya kai shi gidan maƙwabta ya ɓoye. Wata maƙwabciya mai dogon baki ta gaya wa tsohon cewa a birni shuɗi ake shafa wa ɗakin yaro namiji, sai ya sa ɗansa ya shafe bango huɗu da wani shuɗi mai duhu irin na ofishin 'yan sanda. Labulena ya duba ya ce zomo ɓarawon kabeji ne, ba zai buɗe ido a duniya ya fara ganin ɓarayi ba. Ya kafa ƙusa ya rataye addarsa. Ya jera dogon takalminsa na roba a gindin bango, ya ɗora rediyo a taga, ya ajiye 'yar kwalbar tabarsa ta shaƙa a kan teburin da na tanada don canza wa jariri ƙunzugu. Hotonsa na ranar aure ma ya liƙa, amma ya naɗe gefen da matarsa take.

"Baba, me Mama ta yi aka naɗe ta?" in ji Ndirangu.

"Ɗakin maza ne. Shekara arba'in da shida ba ta bar ni na kunna rediyo a ɗaki ba, ba ta bar ni na shaƙi taba a ƙarƙashin rufi ba. A wannan zuwan zan sha iska."

Ni da na san wadda ke tafe, sai na shige kicin na toshe baki da tsumma. Dariya ce ta fara zuwa, abin da ya biyo bayanta ba dariya ba ne.

Kullum in mun shiga ɗaki sai na tsare Ndirangu, kullum da sabon dalili. Yau jinin ya hau. Gobe jinin ya sauka, kada a tayar da shi. Jibi ana ruwa. Na ce masa na auri mutumin da ke iya tsawata wa direbobin manyan motoci talatin a wurin aiki, amma in ubansa ya yi tari sai ya nemi bayan kujera. Ya ce in ni jaruma ce in faɗa masa da kaina. Na ce ba ni na ɗaura ba, ba ni zan kwance ba. Gaskiyar ita ce ni ma tsoro nake ji.

Gadona fari shi ya fi ba shi haushi. Ya zagaya shi sau biyu yana ƙwanƙwasa shingen da ɗan yatsa.

"Uwata, wannan kejin kaji ne ko gidan yari? Ina yaro Bature ya zagaye ƙauyenmu da waya mai ƙaya. Ba za a sake kulle ni ba."

Ya fitar da shi baranda, ya ce shi zai ƙera nasa da katakon itacen da ya shuka da hannunsa. Mzee Gitahi kafinta ne, shekara hamsin yana sana'ar a kasuwar Mukurwe-ini. Abin da ban yi tunani ba shi ne, a shekaru ashirin na ƙarshe mutane sun koma sayen gadon kanti, aikin da ya rage masa na waɗanda ba sa zaɓen gado ne. Sati biyu ana zarto da guduma a hawa na uku, mai gidan haya ya zo sau biyu, tsohon ya ba shi shayi ya kuma nuna masa inda ƙofofinsa suka karkace. Ya hana kowa shiga sai an gama.

Wata Laraba da hantsi ya kira ni.

"Uwata, zo ki ga inda zan kwanta."

Na shiga da cikina wata takwas ina jan ƙafa. Aikin ya yi kyau, ba a magana, katakon sumul yana ƙamshi. Amma ta wajen kai yana da faɗi, ya ƙara buɗewa a kafaɗa, sannan ya tsuke ta wajen ƙafa. Murfi kawai ya rage. A samansa ya rataye wani allo da ya sassaƙa wa suna da manyan baƙaƙe: GITAHI.

Ban san lokacin da na fara ihu ba. Na manta da surukuta, na manta da hawan jini.

"Shekara takwas! Shekara takwas ina shan magani ina shan gori, sai yanzu da Allah ya dube ni za ka ƙera wa abin da ke cikina akwatin gawa? A gidana? Fitar mini da shi! Kuma bari in gaya maka, wannan cikin da kake ta..."

Maganar ta zo har bakina. Abin da ya tsayar da ita fuskarsa ce. Ba ni yake kallo ba, gadon yake kallo, kuma na ga lokacin da ya gane abin da hannunsa ya yi ba da saninsa ba. Ya zauna a 'yar kujerarsa a hankali, ya ɗora hannayen a gwiwa yana dubansu.

"Hannun ne ya saba," ya ce. "Na ƙarshe da na yi na Wangechi ne. Daga shi ban sake taɓa zarto ba sai yanzu."

Ya ɗago ya dube ni.

"Ki yafe mini, uwata. Duk wanda na ƙera wa akwati a garinmu, in aka zo binne shi sai a kira masu sunansa su tsaya a gaba. Wani biyar, wani tara. Akwai wani ɓarawon awaki da aka tara masa goma sha ɗaya. Ni nakan tsaya a baya da guduma ina ƙirgawa. Ba na son a zo kaina fasto ya ce masu suna su fito, a yi ta waige-waige."

Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina, na kuma ƙara jin haushin Ndirangu, wanda a lokacin yana ofis yana shan shayi hankali kwance. Na haɗiye maganata. Na ce masa kawai a gyara ƙafar gadon. Kafin magariba ya warware shi gaba ɗaya, cikin kwana uku ya mayar da shi mai kusurwa huɗu kamar na kowa, har da ɗan shinge gajere, wai ba don kulle ba, don kada ya mirgino.

Naƙuda ta zo ran wata Litinin da safe ina tsaka da wanke kofuna. Kafin azahar an gama, an ɗora mini ita a ƙirji, jajir da ita, tana tsala kuka kamar an ci mata bashi. Yayar mijina Nyaguthii, babbar 'yar tsohon, ita ce a tare da ni. Tana ganin fuskar ta ce, "Wayyo Mama, har da harararki kika dawo."

Can sai ga Ndirangu ya leƙo, gumi ya jiƙa masa riga. Ya zo da tsohon, ya zaunar da shi a benci a baranda, kuma har zuwa lokacin bai faɗa masa ba. A wajenmu ba a shelar haihuwa da baki, guɗa ce ke faɗa: biyar in namiji ne, huɗu in mace. Ya ja yayarsa gefe yana raɗa, amma ina ji.

"Yaya, don Allah ki ƙara ɗaya. Ɗaya tak. Yanzu ma ai wasu biyar suke yi wa kowa."

"Sannan gobe in za a yi mata wanka ka ce masa me? Ya faɗi a hanya?"

"Zan yi masa bayani a hankali."

"Uwata ce ta dawo, in tarbe ta da guɗar wani? Matsa ka ba ni wuri, ragon banza."

Ya ce zai je ya sayo ruwa. Ba a sake ganinsa ba sai bayan awa guda.

Nyaguthii ta buɗe ƙofar ɗakin masu jego ta tsaya a bakinta. Daga gadona ina hango tsohon, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, malafa a gwiwa, ya ɗaga hannun dama ya buɗe yatsu biyar. Ta rangaɗa ta farko, ya lanƙwasa ƙaramin yatsa. Ta biyu. Wata nas ta taho da sauri tana cewa nan asibiti ne ba filin biki ba, Nyaguthii ta yi ta uku a kan fuskarta. Ta huɗu ta ja ta da tsawo har muryarta ta karye, don kuka ya zo mata. Sannan ta rufe baki.

Babban yatsansa na nan tsaye. Ya jira. Ya karkata kai ya kawo kunnensa mai ji. Mutanen da ke kan bencin suka yi tsit, don duk wanda ya iya ƙirga ya san me tsohon yake jira. Ban taɓa jin shiru mai tsawon wannan ba, kuma na tsani kaina a cikinsa.

Ya sauke hannun. Ya miƙe ya tako har bakin ƙofa, bai shigo ba, ya leƙo abin da ke ƙirjina.

"Wangechi," ya ce. "Kin riga ni ruwan wanka, kin riga ni kujerar gaba a coci, kin riga ni kabari. Nan ma sai da kika riga ni?"

Jaririyar ta ƙara ƙarfin kukanta kamar mai ba da amsa, matan ɗakin suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya sa malafarsa ya juya.

Kwana uku aka riƙe ni. Tsohon bai dawo asibitin ba, na kuma hana Ndirangu zama kusa da gadona, na ce ya je ya ji da abin da ya shuka. Ran da aka sallame mu, muna hawowa bene na tarar da Mzee Gitahi tsaye a wajen ƙofar gidanmu, akwatin ƙarfensa a ɗaure, kujerarsa a saman akwatin. Yana ganina ya cire malafa, ya juya fuska ya dubi bango.

"A gaya wa surukata ina gaishe ta," ya ce wa Ndirangu. "A ce mata na gode da masauki."

Sai a lokacin lissafin ya zo mini. Tunda matarsa na haifa, na tashi daga uwarsa na koma uwar matarsa, kuma namiji mai mutunci ba ya kwana a gidan surukarsa, balle ya dubi idonta. Wata huɗu yana hana ni cin wake, yau ko kallona ba zai iya ba.

Na wuce shi na leƙa ɗakin. Babu adda, babu takalmin roba, babu rediyo. An mayar da labulen zomaye, a karkace. Hoton auren na nan, an buɗe gefen da aka naɗe, layin naɗin ya ratsa ta kafaɗarta. A kan gadon da ya ƙera an shimfiɗa wani shuɗin kallabi da ya koɗe, irin na ƙungiyar matan coci, wanda duk Nyeri ba wanda ya taɓa ganin marigayiyar ba shi. Ashe yana cikin akwatin nan tun zuwansa. Ƙusar da ke saman gadon kuwa ba komai a jikinta.

Na dawo bakin ƙofa. Allon na ƙarƙashin hammatarsa, ya juya rubutun ciki.

"A gaya mata fentin kada a canza," ya ce wa bango. "Launin kallabinta ne, ba za ta yi faɗa ba."

"Baba, allon fa?"

Ya zaro shi ya miƙa wa ɗansa.

"Ka adana. Katako ne mai kyau, ba ya jin ruwa. In lokaci ya yi sai ku buga shi a jikin gicciye, ku ƙara kwanan wata a ƙasa. Na bar wurin."

Ndirangu ya riƙe allon ya fashe da kuka a kan matakala, yana cewa shi ne, shi ya yi ƙarya, tun wata biyar ya sani. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Na sani kai ne. Wa zai yi in ba kai ba? Kana da shekara tara ka ce mini kura ce ta sha madarar."

Ya sunkuya zai ɗauki akwatinsa. Ni kuwa ga ɗinkin haihuwa, ga jaririya a hannu, ga hawaye, sai na ji tsohon halina ya taso. Tunda an ba ni sarautar, ai sai in yi mulki.

"A gaya wa surukina," na ce wa Ndirangu da ƙarfi, "ban sallame shi ba. Wane irin miji ne matarsa za ta yi doguwar tafiya ta dawo, ya tsere ko sannu da zuwa babu? Haka aka koya masa a gidansu? Ya ajiye akwatin nan ya shigo ya zauna."

Ba a musu da suruka. Ya shigo yana bin bango, ya zauna a 'yar kujerarsa a tsakiyar shuɗin ɗakin, na ɗora masa ita a hannu. Ya tallabe ta. Ya daɗe yana kallonta, ita ma ta buɗe ido ɗaya tana kallonsa. Sai ta yamutsa hanci, ta yi atishawa, ta ƙara, sannan ta buɗe baki ta tsala ihun da ya sa maƙwabta leƙowa.

Mzee Gitahi ya lalubi aljihun kwat ɗinsa da hannu ɗaya, ya zaro 'yar kwalbar tabar, ya miƙa wa Ndirangu ba tare da ya ɗaga kai ba.

"Kai wannan waje," ya ce. Hawaye na bin gemunsa yana sauka a kan zanen goyon. "Yi sauri mana, ba ka ji tana magana ba?"